Kilo Ashirin da Shida

Ɗakin da ake ɗaura wa raket zare a ƙarƙashin babban filin tanis yake. Ba shi da taga, sai fanka ɗaya da ke kwasar iska mai zafi daga wannan bango tana kai ta wancan. Idan 'yan kallo suka yi tafi a sama, ƙura takan zubo daga silin ta sauka a wuyan mutum. A nan Mai Zare yake tsaye ranar Asabar da hantsi, da filaya a hannu, lokacin da ƙanensa ya turo ƙofa da ƙafa.

Ƙanen nan nasa shi ne wanda kowa ya sani da Bahago, saboda da hagu yake wasa. Shekara goma sha shida yana buga tanis na ƙwararru. Ya ɗauki manyan kofuna tara, ƙananan kuwa tun ana ƙirgawa har aka gaji, ɗakin da aka ware musu a gidan Mama ya cika, aka koma ɗora wasu a kan firji. Yanzu shekararsa talatin da huɗu, gobe Lahadi kuma zai buga wasan ƙarshe na gasar da idan ya ci, manyan sun cika goma. Duk ƙwallon da ya taɓa bugawa a shekarun nan, a kan zaren da yayansa ya ɗaura ya buge shi.

Bai yi sallama ba. Raket biyu ne a hannunsa, sabon kocinsa yana biye da shi yana gyara tabarau. Watan kocin huɗu kacal da kama aiki, mutum ne mai son awo, yana auna barcin Bahago, yana auna ruwan da ya sha, har takalminsa ya taɓa ɗorawa a sikeli.

Bahago ya bugi zaren raket na farko da tafin hannu, ya kai kusa da kunne. Ya bugi na biyu. Ko wanda bai taɓa riƙe raket ba zai ji ba ɗaya suke ba, ƙarar ɗaya siririya ce, ta ɗayan kuma ta yi ƙasa.

Ya ce, “Yaya, wannan ɗaurinka ne. Wannan kuma masu ɗaurin gasa na ba wa da safe, na ce su ja shi kilo ashirin da shida. Duka biyun ashirin da shida aka rubuta a jikinsu. Wanne ne yake min ƙarya?”

Kowane ɗan tanis da adadin da yake so a ja masa zare. Idan aka ja shi da ƙarfi, ƙwallo yana bin umarni, inda ka ce ya sauka nan zai sauka, amma duk dukan a hannunka yake ƙarewa. Idan aka sassauta, hannu yana samun sauƙi, sai dai ƙwallon yakan ɗan yi gaban kansa. Tun yana ɗan shekara sha takwas Bahago yake kan ashirin da shida, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya faɗa wa 'yan jarida cewa ko an rufe masa ido, idan aka rage masa rabin kilo hannunsa zai gaya masa.

Shekara uku da suka wuce gwiwar hannunsa ta fara ciwo, har ta kai ba ya iya murɗa makullin mota. Likita ya ce ko dai a sassauta zaren, ko kuwa jijiyar ta tsinke wata rana a tsakiyar fili. Bahago ya ce gara a cire hannun gaba ɗaya, ya tashi ya bar likitan da takarda a hannu. Sati biyu Mai Zare yana lallashi, Mama ta sa baki, a banza. Daga nan sai ya daina magana, ya koma kan injinsa. Bai rage lokaci ɗaya ba. Kwatan kilo yake ragewa, ya bar hannun ya saba wata biyu, sannan ya ƙara rage wani kwatan. Cikin wata goma sha shida ya sauko da shi ashirin da huɗu, ya tsaya a nan. A jikin farin salatif ɗin da yake mannawa a wuyan kowane raket kuwa, ashirin da shida ya ci gaba da rubutawa. Gwiwar ta lafa. Manyan kofuna uku suka biyo baya.

Mai Zare ya ajiye filayar a kan tebur. Ya ce, “Nawa ne yake maka ƙarya.”

Ya faɗi sauran duka, ba tare da ya ɓoye komai ba, yana kallon ƙanensa ido cikin ido. Bai ba da haƙuri ba, don shi a ganinsa babu abin ba da haƙuri. Yana cikin magana ya ga jijiyar wuyan Bahago ta tashi, irin yadda take tashi idan alƙalin wasa ya ce ƙwallonsa ya fita.

Bahago ya fara a hankali, sannan muryar ta yi ta hawa. Ya ce shekara uku yana tsayawa a gaban kyamara yana cika baki da hannunsa, ashe yayansa yana ƙarƙashin ƙasa yana yi masa dariya. Ya ce shekara uku duk ƙwallon da ya wuce layi kansa yake zagi, yana cewa tsufa ne, yana ƙara awa biyu a filin atisaye, ashe hannunsa lafiya lau, zaren ne aka yi wa sata. Ya ce an mayar da shi jariri, ana ɓoye masa magani a cikin abinci.

“Kofuna ukun nan na ƙarshe, wa ya ci su? Ni ko kai?”

“Kai ka ci su. Ni dai na bar maka hannun da za ka ɗaga su.”

“Hannuna ne, Yaya. Ba a hannunka aka ba ni aronsa ba.”

Ran Mai Zare ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya miƙa masa yatsunsa goma, duk sun yi kanta, zare ya yi musu tsaga-tsaga, babban yatsan dama ko lanƙwasuwa ba ya yi sosai. Ya ce shekara goma sha shida ke nan yana bin sa ƙasa-ƙasa da inji mai nauyin buhun siminti, daga wannan ɗakin ƙarƙashin ƙasa zuwa wancan, ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ma yana wata ƙasa yana ɗaure raket takwas. Ya ce bai taɓa neman a ambaci sunansa ba. Amma yau a shigo masa da baƙo ɗan wata huɗu, a tsayar da shi kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa?

Sai a lokacin kocin ya gane abin da ya tono. Ya shiga tsakani yana ɗaga hannu, ya ce shi fa ba rigima ya nema ba, na'urarsa ce ta nuna masa lambar da ba ta yi daidai ba, ya ga ya kamata ya faɗa. Ya ce yanzu dai a bar komai yadda yake sai an gama wasan gobe, don babu mai hankalin da zai ƙara kilo biyu ana jajibirin wasan ƙarshe.

Mai Zare ya juyo gare shi. “Da ka san da haka, Koci, me ya hana ka riƙe bakinka zuwa Litinin? Ko na'urar ba ta nuna maka ranar mako?”

Bahago bai saurari ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya jefa raket ɗin yayansa a kan tebur, ya ce raket shida yake so kafin gobe, kowanne ashirin da shida na gaskiya, kuma koci zai tsaya a kan injin yana karanta lamba da idonsa. Idan Yaya ba zai iya ba, ya tattara kayansa yau, masu ɗaurin gasa suna nan, kuma kada ya ƙara taɓa masa raket har abada. Ya fita, ƙofar ta bugi bango ta dawo.

Mai Zare ya daɗe a tsaye. Daga baya ya hau sama, ya bi ta dogon barandar da 'yan wasa ke bi, ya shiga ɗakin mai tausa. Mai tausan nan wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya, shekara tara yana murza jikin Bahago, ya san kowace jijiya a hannun nan kamar shi ya shimfiɗa ta. Ya same shi yana cika jakunkunan roba da ƙanƙara, labari kuma ya riga ya iso masa.

Mai tausa ya ce shi tun shekarar farko da aka rage zaren ya gane, don gwiwa ba ta warkewa haka kawai saboda kyawun fuskar mai ita, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, har ya bari ana cewa tausarsa ce. Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga Mai Zare bai taya shi ba, sai ya daina. Mai Zare ya tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, hannun zai ɗauki ashirin da shida? Mai tausa ya ɗaure bakin jaka, ya ce idan wasan ya ƙare da wuri, wataƙila. Idan ya ja ya kai awa uku, to shi ba ya son ya faɗa. Kuma yaron da za su kara da shi gobe ɗan shekara ashirin da biyu ne, ƙwallonsa kamar an jefo bulo.

“To ka je ka gaya masa.”

“Babban yaya, kai da kuka fito ciki ɗaya bai ji taka ba, sai ni da aka ɗauka aikin murza?”

Mai Zare ya sauko ɗakinsa. Ya buɗe akwatin injin, ya fara kwance sukurori, da niyyar ya tattara ya tafi, kada a ce da hannunsa ya ja zaren da zai tsinka jijiyar ƙanensa. Ya kwance biyu, ya tsaya. Ya tuna masu ɗaurin gasa, mutane goma a layi, kowa da raket talatin a gabansa, suna ja suna hira suna duba waya. Ashirin da shidansu wani ya fito da ɗori, wani ya gaza, shida ɗin ba za su taɓa zama ɗaya ba. Ƙanensa zai shiga fili da hannu mai ciwo, kuma duk raket ɗin da ya canza sai ya sake koyon sa. Ya zagi injin, ya zagi kocin, ya zagi taurin kan da suka gada su biyun daga Baba, sannan ya mayar da sukurorin.

Bayan azahar kocin ya zo ya ja kujera ya zauna kusa da injin. Mai Zare ya sa almakashi ya datse zaren raket shida da ya riga ya ɗaura, aikin jiya gaba ɗaya, yana datsewa zaren na tsalle yana faɗuwa a ƙasa. Ya murɗa lambar injin zuwa ashirin da shida, ya juya fuskar injin wajen kocin, ya ce ya karanta da ƙarfi, ko ya kawo masa wani tabarau a kan wannan? Kocin ya karanta. Kowane raket sai da ya sa shi ya tashi ya karanta, ya kuma sa hannu a jikin salatif ɗin da biro. A na huɗu kocin ya ce ba sai an yi haka ba, ai ya yarda da shi. Mai Zare ya ce a'a, ɓarawo ba a yarda da shi, ya tashi ya karanta.

Bai taɓa yin ɗauri mai kyan na ranar ba. Yana saƙa zaren kwance cikin na tsaye, sama, ƙasa, sama, ƙasa, yana daidaita kowane layi da basilla, zuciyarsa kuwa tana tafasa. Da ya gama ya bugi shidan ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, ƙararsu ɗaya sak. Ya sa kowanne a leda ya miƙa wa kocin, ya ce ya kai wa maigidansa.

Ranar Lahadi ƙarfe biyu aka fara. An ba shi kujera a sama tare da iyali kamar kullum, bai je ba. Ya zauna a ɗakinsa gaban wata 'yar talabijin da ke rataye a kusurwa, wadda hotonta yake zuwa a makare, sai ya ji ihun mutane ta silin kafin ya ga abin da ya jawo shi.

Zagayen farko Bahago ya sha kashi. Ƙwallayensa gajeru suke faɗuwa, rabi a raga, don hannun ya saba da zaren da ke taimaka masa. Mai Zare ya ji wani abu mai kama da daɗi ya taso masa, ya ji kunyar kansa, ya ƙara jin haushi. Amma daga tsakiyar zagaye na biyu sai abin ya juya. Bahago ya fara sakin hannu gaba ɗaya, yana dukan ƙwallo da dukan ƙarfinsa, ƙwallon kuma yana sauka a kan layi kamar da hannu aka ajiye shi. Rabon da Mai Zare ya ga wannan bugun tun kafin gwiwar ƙanensa ta fara ciwo. Ya tsinci kansa a tsaye, bai san lokacin da ya tashi ba. Ashe dai akwai abin da ya ɗauke masa a shekara ukun nan. Wannan tunanin ya fi komai ƙona masa rai, don ba shi da wanda zai zaga a kai.

Bahago ya ci zagaye na biyu, ya ci na uku. Yaron ya ƙwace na huɗu. Agogon fili ya wuce awa uku.

A zagaye na biyar Mai Zare ya daina kallon ƙwallo, gwiwar kawai yake kallo. Ya ga Bahago ya fara matse ta a jikin haƙarƙari tsakanin bugu da bugu. Ya ga ya karɓi tawul da hannun dama. Ya ga an kira mai tausa, ya shigo da gudunsa na ƙaton mutum, ya naɗe hannun da bandeji yana magana, Bahago yana girgiza kai. Saura maki biyu a gama, ya yi wani bugu daga bayan fili, raket ɗin ya kusa suɓuce masa, ya durƙusa ya riƙe hannun. Mai Zare ya san abin da ya faru tun kafin masu sharhi su fara zato. Yadda aka yi Bahago ya tashi ya ci makin nan biyu, shi kansa Mai Zare bai gani ba, don ya juya wa talabijin baya. Ƙura ce kawai ta yi ta zubo masa a ka, silin yana girgiza kamar zai rufto.

Sai da aka yi kusan awa ɗaya sannan ya hau. Ya tarar da ɗakin mai tausa a cike, ya tsaya a bakin ƙofa har mutane suka ragu. Kofin yana kan gadon tausa, an jingina shi da matashi. Bahago yana zaune a gefe ba riga, hannun hagu a cikin ƙanƙara, ya kumbura ya yi biyun na dama. Likitan gasa ya riga ya duba, ya ce jijiyar ta tafi, sai tiyata, kuma kada ya sa ran riƙe raket kafin shekara. Ɗan shekara talatin da huɗu ya san ma'anar wannan, kowa a ɗakin ya sani.

Bahago ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi fari-fari don zafi, amma idon nan yana nan yadda yake jiya.

“Ka gani?”

“Na gani. Ina kuma ganin wannan.” Ya nuna hannun da haɓa.

Bahago ya ce ko da an nuna masa hoton hannun nan tun jiya, haka zai zaɓa. Mai Zare ya ce ya sani, shi ya sa tun farko bai tambaye shi ba. Ya ce da ya bar abin yadda yake, da ya ƙara shekara biyu ko uku a fili, wataƙila da kofin sha ɗaya da na sha biyu. Bahago ya ce da bai san ko kofunan nasa ba ne. Kowannensu yana huci. Mai tausa ya sunkuyar da kai yana ta gyara jakar ƙanƙarar da ba ta buƙatar gyara.

Wata ma'aikaciyar gasa ta leƙo ta ce 'yan jarida suna jira, minti biyar. Bahago ya jawo farar riga da hannun dama, ya yi ƙoƙarin zura hannun, ya kasa, ya sake gwadawa, ya cije leɓe. Kocin ya matso zai taimaka, Mai Zare ya ture shi da kafaɗa. Ya karɓi rigar, ya fara zura hannun mai ciwo a hankali, sannan ɗayan, ya shiga ɓalla maɓallai daga ƙasa zuwa sama, yana jan rigar da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata.

Ya ce, “Na gama. Ka nemi wani mai zaren.”

Bahago ya kalli hannunsa, ya kalli yayansa. “Me zan yi da mai zare yanzu?”

Babu wanda ya yi dariya, har mai tausa. Mai Zare ya ɓalla na wuya, ya juya ya fita. Ya sauka ƙasa ya kwance injin, ya shirya shi a akwati, ya share guntayen zaren da ke ƙasa ya zuba a kwandon shara. Ya leƙa baranda ko zai sami wanda zai kama masa, bai ga kowa ba, duk an tafi wajen ɗaukar hoto. Ya ɗaga akwatin shi kaɗai ya fara hawa matakala, yana hutawa duk bayan taki biyar.